Jakar Inna Ma'u

Atishawar ta zo mata ne tana tsakiyar girgiza rariya. Batulu ta ji tahowarta, ta dire rariyar, ta matse cinyoyi, ta toshe hanci da bakin mayafi, amma ƙurar riɗi ba ta san roƙo ba. Ta yi ta farko, ta yi ta biyu. A ta ukun ta ji ɗumi ya jiƙa tsumman da ta naɗa tun asuba.

"Alhamdu lillahi," ta ce, don dole a ce.

"Yarhamukillah, Yumma," in ji Ikilima, babbar 'yarta, tana gyara goyon jaririnta.

Su goma sha biyu ne a rumfar, can bayan kasuwar hatsi ta Gadarif, duk matan unguwar Hausawa, suna rairaye riɗin 'yan kasuwa kafin a ɗinke buhu. Lokacin kaka ne. Manyan motoci sai shigowa suke daga gonaki, rana kuwa tun kafin hantsi ta fara cizo. Ikilima ta tashi ta ɗebo ruwa a randa, ta miƙo.

"Sha, Yumma."

"Azumi nake."

"Jiya ma azumi kika ce. Yau fa Laraba."

"To Laraba haramun ce? Kai wa wata."

Niyyar da gaske take ɗaura ta, don kada ta yi ƙarya. Amma ta sani, Allah ma ya sani, ba don lada take yi ba. In ba ta sha ba, abin da zai zubo kaɗan ne. Da magariba ma kurɓa uku take yi, sai ta ɗora jabana, gahawar nan mai citta, don ta iya tsayuwa.

Shekara ashirin da ɗaya Batulu ta yi tana bin Inna Ma'u wankan gawa. Duk macen da ta rasu a unguwar, hannunsu ne na ƙarshe da ya taɓa ta. Da ƙafafun Inna suka ƙi, shekara uku ke nan, sai aikin ya dawo wuyan Batulu, ta kuma riƙe shi yadda aka koya mata, ba ragi ba ƙari. Mai wanka ba ta shan ruwa daga sanda aka kira ta har a fita da gawa. Tana turara tufafinta sosai. Ba ta ƙyalƙyala dariya a cikin mutane. In ta yi wa gawa juyin farko, tana fita bayan ɗaki ta sabunta alwala, sannan ta dawo. Abin da ta gani a jikin mamaciya kuwa, ita da shi sai kabari.

Tun haihuwarta ta takwas abin ya fara, ɗigo ɗaya, ɗigo biyu in ta yi tari. Ba ta kula ba. Sai wata huɗu da suka wuce, ranar wankan Jummare. Jummare mace ce mai jiki. Batulu ta sa ƙarfi ta ɗago kafaɗarta, tari ya sarƙe ta, fitsari ya biyo ƙafarta har kan tabarma, taki ɗaya tsakaninsa da likkafani. Ta yi sauri ta ture buta da ƙafa, ruwa ya malale wurin, ba wanda ya gane. Daga ranar mata uku sun rasu a unguwar. Duk ukun ta ce bayanta ke ciwo, sai dai aka ɗauko wata Fatna daga wata unguwa. Mutane kuwa suka ce Batulu ta fara zaɓen gawa.

Tana neman dabarar da za ta zame ta canza tsumma, sai ga Sauda a bakin rumfa, mayafi a karkace. Sauda 'yar Inna Ma'u ce, tare suka tashi da Batulu, amma wata huɗun nan gaisuwa ce kawai tsakaninsu.

"Ke Batulu, ajiye rariyar nan. Inna na kiranki."

"Jikin ne?"

"Tun jiya ba ta karɓi ko kunu ba. In kuma ita ma kin fi ƙarfinta, faɗa mini in koma."

Batulu ta ajiye rariyar. Ta karkaɗe mayafinta ta bi ta, Ikilima na biye da su.

Inna Ma'u na kwance a kan angarib, gadon nan na igiya, ta ƙanƙance kamar yarinya. Idonta ne kawai bai tsufa ba. Batulu ta durƙusa a hankali, tana kiyaye yadda take lanƙwasa jiki, ta kama hannunta.

"Inna, ya jiki?"

Tsohuwar ta shaƙi iska. "Turaren nan ya yi yawa, 'yata."

"Ke kika koya mana, Inna."

"Ni na koya muku. Haka ne." Ta kalli bakin Batulu. "Leɓenki ya tsage."

"Azumi ne."

"Uhm." Ta huta, ta tara numfashi. "Ba na son hannun baƙuwa. Ke za ki wanke ni."

"Haba Inna, ai da sauran kwana."

"Kada ki yi mini maganar da muke yi wa wasu. Na ce ke za ki wanke ni."

"Inna, bayan nan nawa..."

"Bayanki lafiya lau. Na ga shigowarki. Sauda, ɗauko jakar."

Sauda ta zaro ta daga ƙarƙashin gadon. Tsohuwar jakar fata ce, ta yi baƙi don shan hannu. Da ita Inna ke zuwa kowane wanka, ba kuma wanda ya taɓa ganin cikinta. Ko da ta daina aikin ba ta ba Batulu ba, Batulu da kwandonta take zuwa.

"Ki buɗe ke kaɗai," in ji Inna. "Ki zazzage har ƙasa."

Batulu ta rungume jakar. "Allah ya ba ki lafiya, Inna."

"Wannan ba amsa ba ce."

Ita ma ta san ba amsa ba ce. Ta miƙe ta fito, Sauda na harararta. A zuciyarta ta riga ta yanke: in ta faru, a kira Fatna. Gara a zage ta har ta mutu da ta ɗiga najasa kusa da matar da ta wanke rabin maƙabartar unguwa. Ta fito lungu, rana ta daki tsakar kanta. Katangar kara ta yi kamar tana matsowa. Ta ji Ikilima na cewa "Yumma? Yumma!" daga nesa, sai ƙasa ta taso ta tare ta.

Ta farka a kan gadon ƙarfe, allura a hannu, ledar ruwa na ɗiga daga sama. Asibitin unguwa ne. Wata mace siririya mai tabarau na zaune a gefenta. Batulu ta san ta da gani: Sista Huda, ungozomar da yaƙi ya koro daga Khartum. Ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya.

"Hamdilla ala salama, ya Hajja," in ji Huda. Da Larabci suka ci gaba. "'Yarki na waje, na ce ta je ta shayar da yaronta. Yaushe rabonki da ki sha ruwa kofi cike?"

Batulu ta juya fuska bango. Sai ta ji an sassauta mata ɗaurin zane, tsumman kuma ba ya nan. Ta so ƙasa ta tsage.

"Ni na cire, ni kaɗai," in ji Huda. "Ba wanda ya gani."

Da 'yar unguwa ce, da Batulu ta mutu da maganar a ciki. Amma wannan baƙuwa ce, ba ta san gidan kowa ba, ba ta zuwa suna ko biki. Bakinta ya buɗe da kansa.

"Yoyon fitsari ne, ko? Irin wanda ake yanka mace a ɗinke? Akwai wata yarinya a layinmu, aka kai ta wani gari aka yi mata aiki sau biyu. Har yau ba a cin abinci kwano ɗaya da ita."

"Tsaya tukuna. Kullum yake zuba, ko kina barci?"

"A'a."

"Sai yaushe?"

"In na yi tari. Atishawa. In na ɗaga abu mai nauyi. Dariya ma, amma na daina."

"Haihuwa nawa?"

"Takwas. Bakwai na raye."

Huda ta ja labule, ta sa safar hannu, ta duba ta. Ta ce ta yi tari. Batulu ta yi, ta rufe ido don kunya.

"Ba inda ya ɓule, Hajja. Naki daban, na yarinyar nan daban. Akwai nama a ƙasa da ke tallafe mafitsara, yana rufe bakinta. Haihuwa takwas da ɗaukar buhu sun sa ya saki. Angarib ɗinki in ya saki, kina kwanciya bayanki na taɓa ƙasa, yar da shi kike yi?"

"Wa zai yar? Igiyar ake ja."

"To ita za mu ja. Ba wuƙa, ba allura. Ke za ki ja da kanki."

Batulu ta dube ta sosai, ko wasa take mata.

"Ki ɗauka kina cikin sahu," in ji Huda, "liman ya ja doguwar sura, iska ta zo miki. Me kike yi?"

"A'uzu billahi, Sista!"

"Me kike yi?"

"Riƙewa."

"Riƙe yanzu. Ki haɗa da gaba, kamar za ki tsayar da fitsari, ki ja sama. A'a, wannan cinya ce kika matse. Saki cinyar. Kada ki riƙe numfashi, yi ta numfashinki. Sake."

Sau biyar tana yi ba daidai ba. Mace mai jikoki, ana koya mata inda jikinta yake. Gumi ya karyo mata. A na shida Huda ta ɗaga kai.

"Ga shi nan. Na ji shi. Yana raye, ragwanci ne kawai. Riƙe, mu ƙirga. Ɗaya, biyu, uku... ya saki. To, yau uku ne ƙarfinki. Goma muke nema. Ki matse, ki ƙirga, ki saki ki huta kamar yadda kika riƙe. Sau goma a zama ɗaya, zama uku a rana. Kina salla?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"To bayan Asuba, bayan Azahar, bayan Isha, don kada ki manta. Amma ba lokacin da kike fitsari ba. Ruwa kuma ki sha. Wannan ƙishin da kike yi wa kanki ba magani ba ne. Fitsarin sai ya yi kauri, ya yi ta cin mafitsara, ga wari, ga ƙoda na wahala. Yau faɗuwa kika yi, gobe ban san me ba. Jabana nawa kike sha?"

"Finjali huɗu. Biyar."

"Ki mai da shi ɗaya. A rumfar riɗi ki ɗaure hanci, tarin nan ya ragu. Ki dawo mini bayan sati biyu in ga ko daidai kike yi. In kin dage wata uku, mata da yawa suna samun sauƙi sosai, wasu ya ɗauke. In bai isa ba, akwai zoben roba da ake sawa ya tallafa. Maganar aiki tana can nesa."

"Wata uku?" Batulu ta yunƙura ta zauna. "Sista, ni yau nake so. Ko gobe."

Ta gaya mata. Ta gaya mata Jummare da butar da ta ture, da mata ukun da ta ƙi, da Inna Ma'u da ke can tana jira. Huda ta cire tabarau ta goge.

"Ba ni da wata uku a aljihu, Hajja. Abu ɗaya zan ba ki na yau. Kafin ki ɗaga, kafin ki yi tari, ki fara matsewa, ki riƙe har ki gama. Kafin, ba bayan ba. Zai rage. Ban ce zai hana duka ba."

"In ya zubo fa, ina tsaye a kanta?"

"Wannan ki tambayi malamai. Ni nama na sani. Amma ki san wani abu: ba sati da zai wuce ban ga mace irinki a ɗakin nan ba. Har daga unguwarku. Kowacce tana rantsuwa ita kaɗai ce."

"Su wa?"

"Ke kina faɗin abin da kika gani wurin wanka?"

Dariya ta taso wa Batulu. Ta yi maza ta danne ta, sai kuma ta tuna, ta matse. Ta saki 'yar kaɗan ta fita. Huda ta ba ta sabon ƙyalle ta sa, sannan ta miƙo mata kofin ruwa, ta tsaya a kanta har ta shanye.

An yi la'asar raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku, ta sauke su a bakin lungu. Tun kafin mai raksha ya kashe inji suka ji kukan. Ikilima ta ce "Inna lillahi," ta ƙanƙame jakar fatar da take riƙe wa uwarta.

Gidan ya cika da mata. Maza na waje sun shimfiɗa tabarmi, an riga an tafi haƙa, so ake a rufe ta kafin magariba. Sauda ta tare su a tsakar gida, idonta jawur.

"Ta cika ana kiran salla. Sunanki ta ƙare da shi. Ga yaronmu Abdelrahman can da babur, in aika shi ya ɗauko Fatna ko kuwa?"

Duk matan suka zubo wa Batulu ido. Batulu ta karɓi jakar daga hannun Ikilima.

"Ba ni ɗaki."

Ta shiga ɗakin ajiya ta tura ƙofa. Ta zauna a kan buhun dawa. Har yanzu ba ta san me za ta ce wa Sauda ba. Ta dai san an ce ta buɗe, ta kwance igiyar jakar.

Garin magarya a ƙulle. Kafur. Safar hannu ta ƙyalle, wadda Inna ta ɗinka da kanta. Auduga, almakashi, kwalbar turare. Ta ajiye su ɗaya bayan ɗaya. Ta sa hannu ƙasa, ta ji akwai wani aljihu da aka ɗinke a ciki. Ta zazzage.

Tsummoki ne. Guda shida, farare, wankakku, sun yi laushi kamar auduga don shan wanki na shekaru. An ninka kowanne gida uku, tsakiyar ta fi kauri. Ninkin da ita Batulu take yi kowace asuba, wanda ba wanda ya koya mata. Ƙarƙashinsu akwai ɗan fatari na canji da guntun sabulu.

Ta daɗe tana kallonsu. Sai abubuwa suka riƙa zuwa mata ɗaya bayan ɗaya. Inna ba ta shan ruwa kafin wanka. Inna na turara kanta har a ji ta tun daga zaure. Inna ba ta dariya, sai murmushi, ana cewa tsoron Allah ne ya yi mata yawa. Inna na fita bayan juyin farko, kullum da jakar nan a hammata. Shekara ashirin da ɗaya Batulu na tsaye tana jiranta ta dawo, tana cewa a ranta, dubi tsarki irin na bayin Allah.

Ashe Inna ma haka take. Da wannan lalurar ta yi ta wanke matan unguwar nan, ba ta taɓa mayar da mai kira ba, ba ta kuma taɓa samun wanda za ta gaya wa ba. Su kuwa suka ɗauki ɓoyonta suka mai da shi ƙa'ida.

Batulu ta kifa fuska a kan tsummokin ta yi kuka, ba mai sauti ba. Ba ta san ko tausayi ne ko haushi ba. Da tsohuwar nan ta buɗe baki sau ɗaya! Amma ita ma ai ba ta buɗe ba.

Ta share ido, ta mai da komai, ta fito.

"Ku ɗora ruwa. A kawo angarib ɗakin tsakiya. Sauda, ke za ki zuba. Ikilima, ba wa wata yaron nan, ki zo ki kama mini."

"Ni, Yumma? Ban taɓa ba."

"Ni ma akwai ranar da ban taɓa ba."

Aka rufe ƙofa. Batulu ta lulluɓe Inna da zane, ta sa safar ƙyalle, ta yi bismilla. Hannunta ya tuna aikinsa. Ta yi mata tsarki a ƙarƙashin lulluɓi, ta yi mata alwala, ta warware ɗan kitson da ya rage ta wanke da magarya. Sauda na zubawa tana shessheƙa.

"Rage hannu, 'yar uwa. Ba ta son ruwa a fuska da ƙarfi."

Aka zo juyi. Inna ba nauyi, amma gawa ko ta yaro ce tana da nata nauyin. Batulu ta sa hannu ƙarƙashin kafaɗa, ta nuna wa Ikilima ƙugu. Kafin, ba bayan ba. Ta matse, ta ja sama, ta ɗaga. Ɗaya, biyu, uku. Inna ta kwanta a gefenta. Ba abin da ya zubo. Batulu ta kusa cewa Allahu akbar da ƙarfi.

Sai Sauda ta buɗe ƙullin kafur kusa da hancinta. Tarin ya zo ba sallama. Ta matse, amma ta makara. Ta ji ɗumin. Bai kai ƙafa ba, ƙyallen da Sista Huda ta ba ta ya tare. Ta tsaya cik. Ta dubi fuskar Inna. Fuskar ba ta ce komai ba.

"Ku rufe ta. Ina zuwa."

Ta ɗauki jakar ta fita. Matan da ke tsakar gida suka buɗe mata hanya. Ta ji wata na cewa, "Kun gani? Inna Ma'u sak. Har jakar."

Tana bayan ɗaki ta tsuguna da buta, sai ta ji taku. Ikilima ce, ta tsaya ta haɗe ƙafafu, kai a ƙasa.

"Me ya fito da ke?"

"Ni ma... alwalar zan sabunta. Ba haka ake yi ba?"

Batulu ta ɗago ta dubi 'yarta da kyau, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Wata uku da haihuwa, haihuwar da ta kwana biyu tana naƙuda. Ta tuna kwanan nan Ikilima ba ta ɗaga buhu sai ta kira wata. Ta shaƙi iska: turaren wuta, ya yi yawa.

"Tun yaushe?"

Ikilima ta fashe da kuka. "Tun arba'in. Yumma, kada ki gaya wa Naziru."

Batulu ta sa hannu a aljihun jakar ta zaro tsumma biyu. Ta ɗauki ɗaya, ta miƙa mata ɗaya.

"Na waye?"

"Ba ruwanki. Sa. Mijinki kuma ke za ki gaya masa ko ki bari, ba ni ba. Gobe bayan Asuba kada ki tashi daga tabarma, ki jira ni. Yanzu yi sauri, rana na tafiya."

Suka yi tsarki, suka yi alwala, suka koma. Batulu ta ƙarasa wankan, wanki uku, na ƙarshe da kafur. Kowane juyi tana ce wa Ikilima a hankali, "Matse tukuna, kamar kin riƙe iska. To, ɗaga." Sauda na jinsu, ta dubi wannan ta dubi waccan. Da suka ɗaure igiyar likkafani ta ƙarshe, Batulu ta dafa ta.

"Sauda, ba bayana ke ciwo ba. Fitsari ke zubo mini in na ɗaga nauyi. Shi ya hana ni wata huɗu."

Sauda ta dube ta. "Shi ke nan? Don wannan kika bari muka yi ta cin namanki?" Ta goge hanci da bakin zane. "Inna ta sani?"

"Inna ta ce in wanke ta. Na wanke ta."

Ta buɗe ƙofa. Ba a kira maza ba tukuna, gawa na ɗaki. Batulu ta wuce kai tsaye wurin randa, ta ɗebo moɗa cike, ta zauna, ta yi bismilla ta sha a gaban kowa. Tsakar gidan ya ɗauki ƙus-ƙus.

"Yumma," in ji Ikilima a kunnenta, "ba a fita da ita ba fa."

"Na sani. Wannan ba ya cikin wanka." Ta sake cikawa ta miƙa mata. "Sha. Shayarwa kike."

"Mutane na kallo."

"Su kalla."

Maza suka shigo da salati, suka ɗaga angarib ɗin a kafaɗa. Mata suka miƙe, kuka ya sake tashi. Batulu na tsaye a jikin katanga, jakar a hammata, tana kallon Inna na fita daga gidanta. Leɓenta na motsi, yatsunta na lanƙwashewa ɗaya bayan ɗaya a bakin mayafi. Ɗaya, biyu, uku. Ya saki. Ta huta, ta sake.

Baba Aishatu, tsohuwar da ke kusa da ita, ta zunguri ta gefenta. "Dubi baiwar Allah. Ko yanzu ba ta bar tasbihi ba. Inna Ma'u ta bar magajiya."

Batulu ta ji. Da jiya ne, da ta sunkuyar da kai ta karɓa. Ta juyo, ƙamshin turaren tsohuwar ya cika mata hanci.

"Ba tasbihi ba ne, Baba. Ranar sadakar uku ki zauna kusa da ni, zan gaya miki ko mene ne."